Gefen Tayar da Bai Suɗe Ba

Shekaranjiya ina neman wata tsohuwar takarda a ƙasan akwatin Inna, sai warin roba ya buge ni tun kafin hannuna ya kai ga abin. Wari ne na tayar da ta sha rana ta sha ruwa, wanda duk wanda ya tashi a Ajame, unguwarmu ta Abijan, ya san shi kamar yadda ya san warin kwata da ƙamshin soyayyar ayaba. Na ɗaga zannuwa, sai ga takalmin Baba naɗe cikin leda, irin na taya mai maɗaurin roba. Ban san Inna ta ajiye shi ba. Na zauna a ƙasa, na juya shi, na shafa ƙasansa da tafin hannu, don haka aka koya mini. Tun daga lokacin raina yake a ɓace. To bari in ba ku labarin, ko na samu abin ya sauka.

Kakana na wajen uwa ne ya yanka takalmin nan. Sana'arsa ke nan tun da ya gangaro Abijan daga ƙasar Adar yana saurayi: ya sayi matacciyar tayar babbar mota, ya feɗe ta da wuƙa, ya fitar da takalma da igiyar ɗaure kaya da kwanon ba tumaki ruwa. Rumfarsa tana bayan tashar Ajame, ba nisa da kasuwar gwanjon nan da ake ce wa Bulak. Da damina ruwa yakan cika cikin tayoyin, sauro ya yi ta aure yana haihuwa, shi kuwa yana zaune a tsakiya kan wata taya da ya ɗora wa buhu, yana wasa wuƙa. Manyan 'yan kasuwarmu na Tireshbil, unguwar tsallaken gada, masu shigo da kaya ta jirgin ruwa, ko sunansa ba su kira, sai dai su ce tsohon nan mai takalmin talakawa. Shi kuma ya rama musu har da ƙari. Ban taɓa ganin mutumin da ya iya raina mutane da ido kawai kamar Kaka ba. Ba ya kallon fuskarka, ƙafarka yake kallo. In ka wuce sai ya ce, wancan mai babbar rigar yana jan ƙafar hagu, basir ke damunsa, duk taƙamar nan ta banza ce.

Ni kaɗai ce ba ya rainawa, wai don ni amaryarsa ce. In na taso daga makaranta can nake zarcewa, in ci gyaɗarsa, in cika shi da surutu. A nan na koyi abin da babu malamin da ya koya mini. Kafin ya sa wa taya wuƙa sai ya karance ta tukuna, don takalmi ba ya yin kyau sai daga inda zanen ya rage daidai. Yakan rufe ido, ya bi ta da tafin hannu, sannan ya fara zagin direban da bai taɓa gani ba. In tsakiyar ce ta suɗe ta bar gefuna, sai ya ce wannan jaki ne, ya cusa mata iska har ta yi tumbi tana tafiya a kan cibiyarta. In gefunan biyu ne suka cinye tsakiya tana nan, to ko dai malalaci ne da ba ya duba iska, ko mai haɗama da ke lodin da ya fi ƙarfin mota. Akwai wadda za ka ji ta kwari-kwari kamar an bi ta ana ɗiba da ludayi, wannan shokozoba ce ta mutu, mota tana tsalle-tsalle mai ita yana barci. Wata kuma wuri ɗaya ne ya shafe fat kamar an goga da dutsen guga, sai Kaka ya yi tsaki ya ce matsoraci ne, ya ga akuya ya danne birki da ƙarfinsa duka. Yakan ce, taya ba ta cin kanta, amarya, wani ne yake ci da ita, ruwa ba ya tsami banza.

Wadda ya fi jin daɗin nuna mini ita ce mai kaifi. Sai ya kama hannuna ya ja shi a kan haƙoran tayar, daga nan zuwa can santsi, in ka dawo kuma ya riƙa kartarka kamar ka shafa kifi ta baya. Ya ce wannan ƙafafun gaba ne suka daina kallon wuri ɗaya, kowace tana son ta bi tata hanyar, mota tana jan su dole, kwalta tana fiƙe su a kaikaice. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya na iya bambanta su duka ido rufe. Inna tana faɗa wai zan rasa miji saboda baƙin hannu.

Wanda Kaka ya fi rainawa a duniya, ina jin kunyar faɗa, Baba ne. Ba ya kiran sunansa, ba ya ce masa surukina, sai dai mutumin naku. Laifinsa guda, sanyin hali. Baba direba ne, yana jan mota mai ƙafa goma ta wani Alhaji a Tireshbil, ya ɗauki goro daga Anyama ya kai Maraɗi, ya dawo da albasa. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki, ko madubi bai taɓa fasawa ba. In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Yana da wani takalmin fata baƙi mai rufi, wanda yake gogewa kowace Juma'a, don a ganinsa direban babbar mota ba ya sa takalmin taya. In ya zo gaida Kaka yakan cire shi daga nesa ya durƙusa, Kaka kuwa sai ya amsa gaisuwar yana kallon takalmin, kamar da shi ake maganar.

Shi Alhaji mai motar yana da ɗa. Allah ya sani ban so in ɓata bakina a kansa, amma babu yadda zan yi. An tura shi karatu, ya dawo babu takarda sai baƙin tabarau da Faransanci a hanci. Uban ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya ɗora shi kan motoci, shi kuma ya kafa doka cewa kowa ya riƙa ce masa Shef, wato shugaba da Faransanci. Dattawan direbobi da suka haife shi suna ce masa Shef! Yana yawo da wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli na auna iskar taya a aljihun gaba, kusa da biro, amma wallahi ban taɓa ganin ya sunkuya ya sa shi a bakin taya ba, don kada wandonsa ya taɓa ƙasa. Hausarsa ma sai ya ga dama. In zai ce a kawo ruwa sai ya yi rabi da Faransanci, ya ƙarasa da nuni da baki.

Wata Lahadi da hantsi, ana sauran kwana biyu Baba ya yi lodi, ya tafi da ni wajen wankin mota a Ajame. Ba a fi mako guda da sa wa motar sabbin tayoyin gaba ba, har da ɗan gashin roban nan a jikinsu. Ina zaune a gaba ina wasa da madubi, sai ga Shef ya sauko daga tasi yana ƙamshin turare. Ya miƙa wa Baba hannu ya ce makulli. Baba ya ce, ranka ya daɗe, ba irin ƙaramar mota ba ce. Ya ce shi ne Shef ko Baba? Ashe wata yarinya yake nema a benayen nan na Dosanben, yana so ta leƙo ta taga ta gan shi a kan babbar mota. Baba ya koma kujerar gefe, ni ina tsakiya. Muka isa ƙasan benen, Shef ya danna oda, ya fito da kai yana kallon sama yana murmushi, mota kuwa ta bi ra'ayinta ta haye bakin kwatar siminti da ƙafar dama. Ƙara ta tashi, ni kuma goshina ya haɗu da ƙarfen gaba. Yarinyar ma ba ta leƙo ba. Wata tsohuwa ce ta leƙo, ta zazzage shi da Julanci, yaren kasuwar garin.

Baba ya ɗaure mini goshi da hankicinsa, ya karɓi sitiyari ya fitar da motar. Shef yana karkaɗe riga ya ce babu abin da ya faru, ko akwai? Baba ya ce babu. A gida aka ce wa Inna na faɗi ne daga matakalar mota. Baba ya ja ni gefe ya ce maganar nan ta mutu a cikina, na ce to. Daga baya na ji cewa ya roƙi Shef sau biyu a kai motar gareji a duba gabanta, don sitiyarin ya fara gardama. Shef ya hana, saboda bakanike zai tambayi abin da ya faru, magana kuma za ta kai kunnen Alhaji. Haka Baba ya je Maraɗi ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, yana kokawa da mota har kafaɗunsa suna ciwo.

Ranar da ya dawo tafiya ta biyu na kai masa abinci inda ya tsaya, kuma don hannuna ba ya zama, na shafa tayoyin gaba. Gefen ciki na duka biyun ya suɗe tas har zare yana shirin leƙowa, gefen waje kuwa sabo fil. Washegari Alhaji da kansa ya gani. Ya tambayi ɗansa yaya tayar wata biyu ta zama haka, shi kuwa marar kunyar, ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce ai sanannen abu ne, direbobi suna sayar da sabbin tayoyi a kan iyaka su ɗaura tsofaffi. Aka karɓe makulli. Aka ce ranar Alhamis bayan la'asar dattawa za su zauna a farfajiyar Alhaji a yanke magana.

Ku da ba ku zauna a zango ba, ba lalle ku san nauyin abin ba. Mu a can duka-duka nawa muke? Masu motocin goro sun san juna, masallaci ɗaya suke sallah, 'ya'yansu suke aurar wa juna. Direban da aka kira ɓarawo a gaban dattawa ya gama tuƙi, daga Abijan har Yamai babu mai sake ba shi makulli. Inna ta ce ya faɗi gaskiya mana, in akwai wadda ya sani. Baba ya ce Allah yana gani. Ta ce za ta gaya wa mahaifinta, ya ce kada wanda ya kuskura. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai, na ce a raina lalle Kaka ya yi gaskiya, mutumin nan ko yanka shi za a yi sai ya gyara wa mahauci wuya.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki jakar makaranta, na bi ta bayan tasha. Na tarar da Kaka yana shan koko. Na ce an ce Baba ya saci taya. Bai ko ɗago ba, ya ce mutumin naku ko satar kallo bai iya ba, wace irin taya? Na ce ta gaba, duka biyun, gefen ciki, in ka shafa ta nan santsi, in ka dawo kaifi. Sai ya ajiye ludayi. Ya daɗe yana kallon tabon da ke goshina, wanda a lokacin bai gama baƙi ba. Bai tambaye ni kome ba. Ya ɗauko wata igiya siririya ya cusa a aljihu, ya ce in je in wanke ƙafa, yau za mu haye gada.

Mun isa Tireshbil ana fitowa daga la'asar. An yi ruwa da rana, ƙasa tana tururi, iskar lagin, tafkin nan da ya ratsa birnin, tana kawo warin kifi. A farfajiyar an shimfiɗa darduma an jera kujeru, dattawa shida ko bakwai sun zauna da manyan riguna masu sitaci, ana zuba musu shayi. Motar tana tsaye a gefe. Baba yana durƙushe a ƙasa, takalmin fatarsa a bayansa. Shef yana tsaye yana bayani, yana kaɗa ɗan ƙarfensa mai ƙyalli, dattawa suna gyaɗa kai. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau, duk cikinsu babu wanda ya tashi ya je kusa da tayar da ake shari'a a kanta. Mutanen da motoci suka yi musu arziki, amma taɓa taya ƙazanta ce a wurinsu.

Kaka ya yi sallama. Aka amsa da irin amsar da ake yi wa mai bara. Baba ya ɗago ya gan mu, sai na ga fuskarsa ta canja, ba ta farin ciki ba. Shef ya tambaya da Faransanci wa ya bar wannan tsohon ya shigo. Kaka bai ko kalle shi ba, sai takalminsa mai tsini da ya ɗan duba ya kawar da kai. Ya wuce wajen motar, ya durƙusa, ya rufe ido, ya bi tayar dama da hannu, ya zagaya ya bi ta hagu. Sannan ya juyo ya kira babban cikinsu, wani dillalin goro mai farin gemu.

"Alhaji, taso ka ara mini hannunka. Ba ta cizo."

Don kunyar idon mutane ya taso. Kaka ya kama hannun nan mai zobba ya goga shi a kan tayar, gaba da baya, ya ce me ka ji? Ya ce ta nan santsi, ta nan kaifi. Kaka ya tura masa yatsa cikin zanen gefen waje har gaɓa guda ta nutse, ya nuna masa gashin roban da bai gama kaɗewa ba. Ya ce tsohuwar taya ba ta da gashi, kamar ni da kai. Wannan ita ce sabuwar da aka saya, ba a canja ta ba. Wane wawa ne zai sayar da sabuwar taya don ya sayo sabuwar taya? Dattijon ya koma kujerarsa yana goge hannu da hankici kamar ya taɓa mushe.

Sai Kaka ya fito da igiyar. Ya ba ni baki ɗaya na riƙe a jikin tayar hagu ta gaba, ya ja zuwa ta dama ya ƙulla. Muka koma ta bayan ƙafafun muka sake aunawa a daidai wannan tsayin, sai ga igiya ta yi saura da faɗin yatsa biyu. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce ƙafafun motar nan sun buɗe ta gaba kamar na agwagwa, ɗaya tana son gabas ɗaya tana son yamma, ko tayar zinariya aka sa mata haka za ta cinye ta. Daga nan tsohon nan, da shekarunsa da rigarsa, ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shige ƙarƙashin mota. Ya jima. Da ya fito ya ce sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu ta lanƙwashe, bakin wilin dama kuma ya tauna, ga abin da ya ƙwaƙulo daga cikin taunin. Ya buɗe tafinsa, ɗan ɓarɓashin siminti ne.

"Hanyar Maraɗi rami ne da jar ƙasa," in ji shi. "Rami ba ya barin siminti. Wannan bakin kwatar birni ne, a nan garin aka buga ta."

Alhaji mai mota ya juya wajen Baba ya ce, kai ka buga? Baba ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyar Alhaji. Aka sake tambayarsa, ya sake faɗin haka. Na ji Kaka ya yi wani dogon tsaki. Ya jawo ni gabansa, ya ture ɗankwalina baya, ya ɗora babban yatsansa a kan tabon. Ya ce wannan tabo da na jikin wilin can rana ɗaya aka haife su, tun da uban ba shi da baki, a tambayi goshin.

Ba wanda ya tambaye ni. Ni ce na faɗa, da ƙarfi kuwa, har da nuna yatsa. Na ce Shef ne, a Dosanben, yana kallon tagar wata. Ina faɗa ina jin kaina kamar na ci sarauta. Na waiga in ga Baba yana murna, sai na ga yana kallona kamar wanda ke kallon tulu yana faɗowa daga kan yaro, ya san ba zai kai gare shi ba.

Ku zo ku ga dattawa! Mutanen da ɗazu suke shirin kiran bawan Allah ɓarawo ba tare da sun tashi daga kujera ba, yanzu kowa ya zama mai hikima. Wannan ya ce yara ba sa shiga maganar manya. Wancan ya ce alhamdu lillahi, tun da babu sata ai magana ta ƙare, a bar kaza cikin gashinta. Mai farin gemu ya ɗaga hannu aka shafa fatiha da sauri kamar hadari ya taso. Shef ya riga ya sulale cikin gida. Ko kalma ɗaya ba a ce masa ba, kuma ba wanda ya ce wa Baba yi haƙuri. Alhaji ya zaro kuɗi ya miƙo wa Kaka da hannun hagu yana kallon wani wuri, wai ga na goro. Kaka ya ce ya bar goronsa, in dai za a biya shi, a ba shi tayoyin nan biyu in an cire, tun da shi mai takalmin talakawa ne. A hanyar komawa, a cikin bas, Kaka yana ta dariya yana kwaikwayon yadda dillalin ya goge hannu. Baba kuwa ya juya yana kallon taga har muka sauka.

Tayoyin dai an aiko da su. Makullin ne ba a dawo da shi ba. Aka ce mota za ta shiga gareji, a jira. Ta shiga ta fito, muka gan ta da wani direba. Baba ya je gaida Alhaji, aka ce yana barci. Ya fara zagaya sauran masu motoci da takalminsa na fata, daga Tireshbil zuwa Anyama, kowa ya tarbe shi da fara'a, ya yaba gaskiyarsa, ya ce ya dawo bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A ƙarshe wani daga cikinsu, wanda ya ɗan fi sauran tsoron Allah ko kuwa ya fi su rashin kunya, ya gaya masa gaskiya. Ya ce da sata ka yi da na ba ka mota, don ɓarawo ana iya sa masa ido. Amma in na ɗauke ka yanzu, kamar na ce wa Alhaji ɗansa maƙaryaci ne, ni kuwa da shi muke sahu ɗaya.

Sai a lokacin na gane shirun Baba. Da an kira shi ɓarawo, zai durƙusa, dattawa su roƙa masa, Alhaji ya nuna girma ya yafe, wataƙila bayan shekara a ba shi wata tsohuwar mota. Irin wannan yafiyar suna son ta, tana ƙara musu kwarjini. Abin da ba sa yafewa shi ne talaka ya yi gaskiya a kansu a gaban jama'a. Kaka ya san taya, amma Baba ya fi shi sanin mutanen nan, shekara goma sha biyu yana durƙusa musu. Ni da na kira shi marar zuciya a raina, ni ce na ƙarasa shi da yatsana. Bai taɓa ce mini don me ba, ko sau ɗaya. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Da takalmin fata ya gaji da yawo ya buɗe baki, Baba ya riga ya fara dako a rumbun goro, yana ɗaukar huhu daga mota zuwa ciki. Wata safiya sai ga Kaka a ƙofar gidanmu, shi da bai taɓa taka gidan suruki ba. Ya ƙi zama. Ya miƙa wa Baba wani ƙunshi a tsohuwar jarida, ya ce, ga shi, daga gefen da bai suɗe ba ne, babu irinsa a kasuwa. Baba ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya sa a ƙafa, ya taka, ya ce sun yi daidai. Kaka ya tsaya yana kallon ƙasa, kuma karon farko a rayuwata na ga ba takalmin kowa yake kallo ba. Daga ranar ban sake jin ya ce mutumin naku ba, sai dai baban amarya. Ƙafa shida ya fitar daga tayoyin nan, bai sayar da ko ɗaya ba. In takalmi ya mutu sai ya aiko da wani, har shi ma ya riga Baba tafiya lahira ya bar na ƙarshe a rataye.

Yanzu an ce zamani ya ci gaba. Garejin Tireshbil suna da na'ura mai fitilu, a ɗora mota ta faɗi inda ƙafa ta karkace, ba sai wani tsoho ya kwanta a laka ba. Inda rumfar Kaka take an kafa shagon sayar da waya. Shef kuwa ya je Makka ya dawo, ya yi tumbi, ya gaji motoci, yanzu shi ake ce wa Alhaji. An ce in direba ya yi laifi a gabansa ake zama, shi ke yanke magana. Ran nan na gan shi a wajen wani ɗaurin aure, bai gane ni ba, har yana tambayar 'yar wace ce. Na gyara ɗankwali yadda tabon zai fito sosai, na wuce ban gaishe shi ba.

Takalmin da na samu a akwatin Inna shi ne na shidan. Na rufe ido na bi shi da hannu yadda Kaka ya koya mini. Na hagu yana da sauran zane. Na dama kuwa ya suɗe tas ta gefen waje, dunduniyar ta yi siriri kamar ganye, irin na mutumin da ya shekara tara yana ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa a kafaɗa ɗaya. Inna ta shigo ta same ni a zaune a ƙasa, ta ce me nake nema a jikin tsohon takalmi. Na ce babu kome, karantawa nake yi. Ta ce to in na gama in mayar mata da shi inda na gan shi.